Ciyawa ga ta nan shar amma dawakina sai ramewa, ina matsalar take?

Mai_Akawal:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu harkar dawaki ku ba ni shawara. Ina da fili a Jos, wajen unguwar Mista Ali ta hanyar Zariya, zai kai hekta ɗaya, na zagaye shi da waya na saki dawaki uku a ciki, goɗiya da dukushinta sai wani akawal da nake kilisa da shi. Tun da ruwa ya sauka a Afrilu na rage musu harawa saboda tsada, na ce ai ga ciyawa Allah ya kawo. To yanzu muna Agusta, wani gefen filin sun cinye shi ƙarƙaf har jar ƙasa ta fito, wani gefen kuma ciyawa ta kai gwiwa ko kallonta ba sa yi, kuma wlh goɗiyar haƙarƙarinta ana ƙirgawa, gashinta ya yi furu-furu. Yaron da ke kula da su ya ce wai sammu ne. Me zan yi?

Shamakin_Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe ba wani sammu, je ka duba gefen da ciyawar ta yi tsawo ɗin, na tabbata nan suke kashi. Doki ba ya kiwo kusa da kashinsa, sai ya ware wuri guda ya mai da shi masai, ya koma inda ciyawa ke gajera mai taushi ya yi ta datsa, kuma ka san shi ba kamar saniya ba ne da ke naɗo ciyawa da harshe, haƙoran gaba yake sawa sama da ƙasa ya datse ta har gindi, yau ta tsiro gobe ya sake bi ta kai, a haka saiwar ke mutuwa sai tafasa da rai-ɗore su gaje wurin. Ka raba filin gida huɗu ko da da igiya da turaku ne. Su yi sati ɗaya a ɓangare guda ka matsar da su, kafin su zagayo kowane ɓangare ya huta sati uku. Ni ma'aunina hannu ne, in ciyawa ta kai taƙi ɗaya a sake su, in ta dawo kamar faɗin yatsu huɗu a fitar da su. Wancan dogon kuma a sa lauje a yanke. Sai yaro ya ɗauki baro da shebur ya riƙa kwashe kashin sau biyu a sati, masu lambun kabeji da dankali ma za su saya.

Baba_Dan_Gangare:
Ku yaran zamani da son wahala. Mu da muka tashi a turke ake ɗaure doki, a yanko masa kyasuwa da burburwa a shanya ta sha iska kafin a zuba masa, ga dusa ga jar kanwa, kuma dawakin sun fi naku kyan gani ranar hawa. Ɗanyar ciyawar farkon damina ruwa ce zalla, zawo kawai take sa su. Abu ɗaya dai zan faɗa maka ɗana, in akwai gonar dawa kusa da kai kada ka yarda su taɓa gyauro.

Likita_Rayfield:
Baba Allah ya ƙara girma, maganarka ta gyauro gaskiya ce, ɗanyen tohon dawa yana da guba, haka 'ya'yan rai-ɗore da biya-rana, ita biya-rana hanta take lalatawa a hankali sai an yi watanni ake ganewa, a tuge su kafin su yi 'ya'ya. Amma turke dare da rana ban bi ka ba Baba. Tumbin doki ƙarami ne, an halicce shi ya yi ta tsinka kaɗan-kaɗan awa 14 zuwa 16 a rana, kuma ba ya iya amai, shi ya sa in aka bar shi da yunwa sannan aka jibge masa hatsi sai ciwon ciki ko ciwon kofato. Alhaji ka yi lissafi, doki na cin wajen kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a busasshen abinci kullum, mai kilo 350 kenan yana son kilo 7, ita mai shayarwa ta fi haka, ɗanyar ciyawa kuwa yawancinta ruwa ne. Ka mayar wa goɗiyar da harawarta, ta gyaɗa ko ta wake, amma a shinshina in ta yi fumfuna a zubar. Dusa ma a yi hankali, tana hana jiki samun sinadarin ƙashi in ta yi yawa, shi ne za ka ga fuskar doki ta kumbura yana ɗingishi. Sannan ina zargin tsutsar ciki, ƙwanta na fita a kashi ya ƙyanƙyashe ta hau ciyawa su sake haɗiyewa, damina irin ta Jos kuwa ita take so. Ka ɗebi sabon kashin kowanne a leda daban ka kai cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ko wani asibitin dabbobi a duba kafin ka sayi magani. In kana da maƙwabci mai shanu ko tumaki ka bari su bi bayan dawakin, yawancin tsutsar doki ba ta rayuwa a cikinsu.

Baba_Dan_Gangare:
To likita bokan Turai, na ji. Amma kanwa dai ba zan daina ba.

Mai_Akawal:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Da yamma na je na duba, wlh Shamaki kamar kana wurin, kashi ne jibge a cikin doguwar ciyawar, rai-ɗore kuma ta cika bakin waya har ta fara fure. Gobe za mu fara tugewa. Saura tambaya ɗaya, ruwan da suke sha na wani tsohon ramin kuza ne a bayan filin, in ci gaba ko in riƙa sayen na 'yan garuwa?

Likita_Rayfield:
Ka ba su na rijiya ko burtsatse a rabin duro, kowanne zai iya shan jarka ɗaya zuwa biyu a rana. Ramin kuza bakinsa na zaftarewa, ga zurfi, kar ma ka bar dukushin nan ya matsa kusa.