Neman shawara: ina so yarana su riƙa auna ruwan sama da zafi a waje

Assalamu alaikum malamai. Ina koyar da kimiyya a JSS 2 a wata makarantar gwamnati a Jigawa, ba mu da dakin gwaji, kuma wlh na gaji da rubuta sauyin yanayi a allo yara su haddace su zuba a jarrabawa su manta. So nake in fitar da su waje su auna da hannunsu, to amma kuɗi babu, yaran sun haura 70 a aji. Dan Allah ta ina zan fara?

Malamin jogirafi:
Wa alaikumus salam Malama. Ki samu gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, ki yanke kan ki kifa shi ciki kamar mazurari, ki zuba tsakuwa a ƙasa da ruwa ya rufe ta, daga nan sifili ya fara, sai ki manna rula. A ajiye a fili nesa da bishiya da indararo, a karanta kullum da safe lokaci ɗaya. Ma'aunin zafi kuma a inuwa ake rataye shi, in rana ta buge shi ƙarya zai yi miki. Amma fa kar ki ce wa yara abin da suka auna a zango ɗaya shi ne sauyin yanayi, masana shekara 30 suke haɗawa kafin su yi magana.

Mai tambaya:
To Malam in haka ne meye amfanin wahalar?

Malamin jogirafi:
Littafi ɗaya za ki buɗe na makaranta, ba naki ba, kowane aji ya gada ya ci gaba. Kafin ya yi kauri ku gwada naku da hasashen damina da NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, ke fitarwa duk farkon shekara, ku ga ko ruwan ya sauka a lokacin da suka ce.

Wata daga Maraɗi:
Ku tura su wajen kakanninsu mana! Su tambayo yaushe shamuwa ke zuwa a da, yaushe ake shuka, gaba nawa ne rijiya, me suka gani a farin 1973 da na 1984. Sannan ki kai su gindin gawo, shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, su faɗi dalilin da gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Darasin sati guda ne wannan.

Tsohon hedimasta:
'Yata, yara 70 a waje ba wasa ba ne. Raba su goma-goma, kowace ƙungiya da ranarta, kafin ƙarfe 10 musamman da bazara. Ki nemi izinin shugaban makaranta a rubuce. Sai matsalar dogon hutu, Agusta ruwa ya fi yawa kuma lokacin makaranta a rufe take, to ki ɗora wa yaran da ke kusa ko maigadi karantawa.

Wata daga Maraɗi:
Kuma a kewaye gorar da ƙaya, awaki ba sa barin komai 😂