Neman shawara: aktin ɗina ya ƙi zama wuri ɗaya a folen masara

Ɗalibar Samaru: Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah a taimaka min. Ina masta ne, aikina kan garin furen masara, wato folen, ina bin jin (gene, ƙwayar gado) guda ɗaya tun folen yana ƙarami har ya nuna, sai na ɗauki jin ɗin aktin (furotin mai yin zare a cikin ƙwayar halitta) a matsayin jin ɗin da zan riƙa auna sauran da shi a qPCR (gwajin auna yawan aikin jin) tunda haka kowa yake yi a ganye da saiwa, to wallahi kowane mataki da lambarsa daban. Kuma wani littafi ya ce aktin da wuri yake tashi, wani ya ce sai folen ya nuna. Sampul ɗina ne ya lalace ko yaya? Supabaiza na jiran sakamako.

Yaya Tudun Wada: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki duba RNA ɗin (saƙon da jin ke fitarwa) a jel tukuna ki ga ko ya lalace, in an ɗauke wuta firiza ta narke to sai haƙuri.

Ɗalibar Samaru: Na duba Yaya, lafiyarsa ƙalau.

Malamin Botani: To ba sampul ba ne, aktin ɗin ne bai dace da wannan aikin ba. Aktin ba jin ɗaya ba ne, dangi ne. A Arabidopsis, ƙaramin tsiron da ake yawan bincike da shi, guda 10 ne, 8 ke aiki. ACT2, ACT7 da ACT8 su ne na jiki, ganye da kara da saiwa. ACT1, ACT3, ACT4, ACT11 da ACT12 na ɓangaren haihuwa ne, kuma folen da ya nuna cike yake da su. Rukunin Richard Meagher a jami'ar Jojiya ta Amurka ne suka rarrabe su haka wajen 1996. Dalili kuwa, da zarar folen ya sauka kan gashin masara sai ya fidda bututu ya bi cikin gashin har ƙwan, a masara yana iya cin kusan santimita 1 a awa, kuma zaren aktin ne hanyar da ake jigilar kayan gini zuwa bakin bututun. In kika sa masa latrunculin B, maganin da ke hana aktin haɗuwa, tsayawa yake cak. Abin da tsiro ke tarawa don wannan tafiyar ta ina zai zauna daidai a kowane mataki?

Ɗalibar Samaru: Na gode Malam. To saɓanin littattafan fa?

Malamin Botani: Wancan daga aikin masanin tsirrai Mascarenhas da mutanensa ne a wani tsiro mai fure, Tradescantia, 1987, sun ga saƙon aktin ya bayyana jim kaɗan bayan mayosis (rabuwar ƙwayar halitta da ke haifar da folen), ya yi yawa, ya ragu kafin furen ya buɗe, shi ya sa suka sa shi a jerin masu tashi da wuri. Amma tsiron daban ne, kuma dangin gaba ɗaya ake gani a dunƙule. Ke ma in firaimarki (guntun DNA da ke kama jin a qPCR) a tsakiyar jin take to duk dangin take kamawa don kamarsu ta yi yawa, ki koma 3' UTR, wato wutsiyar jin ɗin, inda suka bambanta.

Baban Lab Sabon Gari: Ƴata tambaya ɗaya, jakar folen kike niƙawa gaba ɗaya ko folen zalla? Yara da yawa jakar suke jefawa a turmi, bangonta kuma da nasa aktin ɗin, ga tafetum, shimfiɗar cikin jakar, da ke narkewa yayin da folen ke girma, kin ga lissafi ya cakuɗe. Kuma kar ki yarda da tsawon jaka kawai wajen gane matakin folen, ki matse ɗaya a gilashi ki ɗiga rinin asitokamin ki leƙa a maikroskof ki ƙirga cibiyar (nucleus) kowane folen, ɗaya ce ko biyu ko uku, na masara sai ya kai uku yake zuba.

Ɗalibar Samaru: Baba jakar nake niƙawa 😭 ƙananan ba sa fita da sauƙi.

Anti Kongo: Ni dai ba zan ce ki jefar da aktin ba, ki mai da shi cikin abin da kike aunawa, babi guda ne kyauta. Na ma'auni kuma ki gwada uku ko huɗu, ubikwitin da EF1-alfa da makamantansu, ki sa a manhajar geNorm ko NormFinder su nuna miki wanda ya fi tsayuwa. Ƙa'idar MIQE ta 2009, wadda aka gindaya wa aikin qPCR, ma ba ta yarda da guda ɗaya ba tare da gwaji ba.

Baban Lab Sabon Gari: Folen da ya nuna ki je gona da safe bayan raɓa ta bushe, ki karkaɗa furen saman masarar a jakar takarda, ki tace, ki sa a sanyi nan take don ba ya jimawa. Ƙananan kuma ki zo da su ranar Litinin in nuna miki yadda ake tatso su da allura.