Ina so in mayar da ɗinkin hula sana'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 4 ke nan ina ɗinka hula don sha'awa, yanzu maƙwabta sun fara neman in sayar musu, amma na rasa yadda zan yanka farashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki lissafa kuɗin zare da yadi da na mai wankin hula, sannan ki saka ladan kwanakin da kika yi kina bin zane da allura, domin a nan yawancinmu muke cutar kanmu.

Amsa: Malama, ki leƙa Kasuwar Kurmi ki ji yadda ake sayar da irin taki.

Amsa: Ni bashin dangi ne ya karya mini jari, don haka ki riƙa karɓar kafin alƙalami.