Yaro mai galahanga ya haddace surori, amma an ce makin ƙwaƙwalwarsa ya yi ƙasa

Inna Dije, Daura:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanwata ne, shekararsa 6, likita ya tabbatar yana da galahanga, wato autism. Kalmominsa kaɗan ne, amma yana kawo Sabbi har ƙarshe ba tuntuɓe. An yi masa gwajin ƙwaƙwalwa aka ce makinsa ya yi ƙasa, uwar duk ta karaya. Ba ya barci sai tsakar dare, kuma yana cizon hannunsa. Wannan makin ne zai nuna yadda rayuwarsa za ta kasance? Ta ina za mu fara?

Malam Ɗan Ƙofar Soro:
Wa alaikumus salam Inna. Allah ya ba shi lafiya. Ku fara tambaya wane irin gwaji aka yi masa. Yawancinsu da baki ake yi, cikin Turanci, kuma a kan yaran Amurka ko Ingila aka daidaita makin. Yaron da ba ya magana, a ɗakin da bai saba ba, gaban baƙo, dole makinsa ya faɗi ko da ya fahimci abin. Akwai gwajin da ba ya buƙatar magana, irin na Raven, inda yaro ke nuna hoton da ya cike gurbi. Kuma ba a cewa yaro yana da raunin fahimta don makinsa ya gaza 70 kawai, sai an haɗa da yadda yake tafiyar da kansa: cin abinci, sa kaya, bayan gida.

Gaskiya ne wasu masu galahanga suna da raunin fahimta, sama da ɗaya cikin uku a ƙididdigar Amurka. Amma basirarsu ba ta tafiya bai ɗaya. Hadda tana iya yin ƙarfi sosai alhali fahimtar umarni tana baya, don haka haddar Sabbi ba ta nufin zai gane "ɗauko takalminka ka kai zaure". Ku rage jimla: "Takalmi. Ɗauko." Sannan ku yi shiru ku ƙirga goma a zuci kafin ku maimaita. In ba a gwada jinsa ba, a gwada.

Anti Nas, Katsina:
Hajiya, abin da ke hana yaran nan jin daɗi kullum ba maki ba ne, ciwon da ba su iya faɗa ne da rashin barci. Yaro mai cizon hannu a duba masa haƙori, kunne da ciki. Taurin bayan gida ya yi musu yawa, musamman mai zaɓen abinci da ba ya cin komai sai shayi da biredi ko taliya. Irin wannan a duba jininsa ma.

Ɗan shekara 6 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. A kashe waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya, a daina ba shi shayi mai ganye da lemon kwalba da yamma, a hana barcin la'asar. Tsari ɗaya kullum: wanka, addu'a, kashe fitila, kuma a tashe shi lokaci ɗaya ko da ya yi dare. Sati biyu na farko zai yi tirjiya, a nan ne iyaye ke sakewa su miƙa masa waya, komai ya koma baya.

Ku riƙe littafi tsawon sati biyu: me ya faru kafin cizon, me aka yi bayansa. Ku tafi da shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Idan yana ƙafe ido ya sandare, a kira shi bai ji ba, ku ɗauki bidiyo, domin farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu.

Malama Ta Sabuwar Unguwa:
Ku ba shi hanyar roƙo, cizon zai ragu. A ɗauki hoton abubuwa uku da yake matuƙar so, kamar kofin ruwansa, ƙosai da ƙwallo, a wanke hotunan a sa a leda. Mutum biyu ake so: ɗaya ya riƙe ƙosan a gabansa, ɗaya daga baya ya kama hannunsa ya miƙa hoton. Yana miƙawa a ba shi nan take, a ce "ƙosai". Minti goma, sau biyu a rana, ana janye taimakon a hankali. Inda ake ɓatawa shi ne a ce sai ya furta kalmar, ko a bar ƙosan inda zai ɗauka da kansa. Hoto ba ya hana magana fitowa.

Sa wando kuwa daga ƙarshe ake koyarwa: ku sa masa har gwiwa, shi ya ja sama. In ya iya, ku tsaya a idon sawu. A rufe rijiya da murfi mai kwaɗo, a sa sakata sama a ƙofar gida, domin da yawansu suna sulalewa kuma ruwa yana jan su.

Inna Dije, Daura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Dangi na cewa iska ce, a kai shi a yi masa hayaƙi.

Malam Ɗan Ƙofar Soro:
Ku yi ta yi masa addu'a, Inna, amma ban da hayaƙi, duka ko ɗauri. Galahanga daga yadda ƙwaƙwalwa ke girma take, gado yana da hannu sosai, kuma ba rigakafi ke kawo ta ba. Babu maganin da ke cire ta. Maganin Risperidone da ake bai wa wasu don tsananin fushi yana sa ƙiba da kasala, kada a saya a kemis sai likita ya rubuta yana kuma bibiya.