Musayar Baitoci: Hawan Mambilla, Serti zuwa Gembu

Direban Dutse:

'Yan'uwa, ga baiti a kan hanya,
Ta Mambilla mai sanyaya zuciya.
Jalingo, Bali, ka yada zango Serti,
Cika tanki nan, ka duba iskar taya.
Mayo Selbe ce gindin dutse,
Daga nan kwalta ke fara murɗiya.
Hawan Biyu da Sisi bai son gaggawa,
Sa lamba biyu, kar ka yi ta sauya giya.

Bakanike:

Yaya direba, hawa ka faɗa mana,
Ai gangarowa ita ce mai wuya.
Wanda ya danne birki tun daga sama,
Mansa kan tafasa, ya daina kama taya.
Kar ka saki mota firi don tsimin mai,
Inji ke riƙe ta, ka bar ta cikin giya.
In ka ji ƙauri, raɓe, sa dutse a taya,
Rabin awa birki ya huce kafin tafiya.
Kar ka watsa masa ruwa yana da zafi,
Faifan kan lanƙwashe, ya kama karkarwa gaba ɗaya.
Murfin lagireto ma bar shi ya huce,
Tururinsa na saɓule fatar hannu da wuya.

Uwar Matafiya:

Malamai, kun tsaya kan ƙarfe,
Ku ɗaga ido ku ga tudu da saniya.
Maisamari, Nguroje, ciyawa shar,
Ganyen shayi a Kakara ya yi layi ɗaya.
Ku ɗauko rigar sanyi da bargo,
Gembu na sa haƙora rawa da safiya.

Jagoran Daji:

Gaskiyarki, Hajiya, ga ƙari:
Gandun dajin Gashaka Gumti ba shi da na biyu a Najeriya.
Ofishinsa na Serti, a can ake izini,
A haɗa ka da ma'aikacin da ya san hanya.
Dutsen Chappal Waddi, tsayinsa mita 2,419,
Mota ba ta zuwa, kwanaki ne a ƙafa da kaya.
Disamba zuwa Maris ake shiga,
Da damina rafuka kan tare hanya.

Direban Dutse:

Saura hazo, Malam Jagora,
Kan rufe kwana har ka kasa hango gaba da baya.
Kunna ƙaramar fitila, babbar na dawo maka ido,
Danna ham kowace kwana, ka bar tsakiya.
Mai gangarowa shi ke ba mai hawa hanya,
Don tashi a kan tudu da lodi akwai wuya.