Gizo-gizo ya ciji ƙanena, ciki na murɗa masa

Maman Ikram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya da la'asar ƙanena ɗan shekara 10 ya zura hannu cikin tsohuwar taya a bayan madafa, sai ya ji kamar an caka masa allura a yatsa. Da muka juya tayar, ga gizo-gizo ruwan ƙasa, ƙasan cikinsa da tabo ruwan lemo, ga ƙwayayensa farare masu tsini-tsini a saƙar. Kafin isha yaro na ta gumi, hammata na zugi, ciki na murɗawa. Inna ta ce tautau ne, a shafa toka da manja. Yau ya ɗan ji sauƙi. Mu bar shi a gida?

Nas Ɗanzariya:
Wa alaikumus salam. Hajiya, yadda kika kwatanta ƙwan nan, ɗan dangin Latrodectus ne, ɗan uwan wanda Turawa ke kira baƙar bazawara. Dafinsa jijiyoyi yake kamawa, shi ya sa ciwon ke barin yatsa ya hau hammata, ciki ya ƙage har a zaci afendis ne. Mai ruwan ƙasan bai kai baƙin tsanani ba, yawanci cikin kwana 1 zuwa 3 abin ya lafa. Amma yaro ne, ki kai shi asibiti yau a auna jininsa, a ba shi maganin ciwo, a duba ko yana buƙatar allurar tetanos. Ku wanke wurin da sabulu, ku ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. Kada a tsaga, kada a ɗaure hannun.

Baba Tela:
Ki gaida Inna, amma wannan ba tautau ba ne. Mafi yawan abin da muke ɗora wa tautau aikin wani siririn ƙwaro ne, ja da baƙi, mai bin fitila da damina. Ka murtsuke shi a wuya, gobe ka tashi da ƙuna a layi. Ba ruwansa da ciki.

Ɗalibi a Amurka:
Nan jihar Misuri namu gizo-gizon daban ne, mai zanen goge a baya da ido 6. Da farko sau da yawa ba ka jin komai, wani lokaci bayan kwanaki fata ta yi baƙi ta zama gyambo. Kullum sai na kaɗe takalmi kafin in sa.

Maman Ikram:
Mun dawo. Jininsa ya ɗan hau, sun ba shi magani, sun ce mu koma jibi. Tayar kuwa Inna da kanta ta cinna mata wuta.