Neman shawara: a fara zuƙe ruwan maɗaciya ko a wuce tiyata?

Assalamu alaikum. Ina neman haske daga likitocinmu da duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo.

Mahaifinmu, mazaunin Gwammaja, an gano masa ƙari a kan pankiriyas (wata gaɓa a cikin ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci) wanda ya toshe hanyar ruwan maɗaciya. Idanunsa sun yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kalar shayi, kuma ƙaiƙayi yana hana shi barci har ya kan tashe mu da tsakar dare a shafa masa mai a baya. Mun daɗe muna yi masa maganin shawara kafin mu gane ba ita ba ce kaɗai.

Likitoci biyu a nan Kano sun saɓa. Na farko yana son a zura ɗan bututu ta baki a buɗe hanyar kafin tiyatar Whipple, wato babbar tiyatar da ake cire ƙarin tare da wani ɓangare na pankiriyas da hanji, na biyun kuwa ya ce bututun yana shigar da ƙwayoyin cuta daga hanji, sai rauni ya ruɓe bayan aiki. Ya kafa hujja da binciken Holand na 2010, inda kashi 74 cikin ɗari na waɗanda aka fara sa wa bututu suka gamu da matsala mai tsanani, alhali kashi 39 ne cikin waɗanda aka yi wa tiyata da wuri.

Hankalina ya fi karkata ga na biyun, sai dai binciken ya ɗauki waɗanda awon bilirubin (sinadarin da ke sa ido ya yi ɗorawa) a jininsu yake ƙasa da 250 ne, na Baba kuwa ya haura haka, ga shi ba za a samu ranar tiyata ba sai bayan mako biyar. Shin wannan jinkiri ya wajabta sa bututun? Idan haka ne, na ƙarfe ya fi na roba aminci har ya cancanci tsadarsa?